Charles Spurgeon: Mai Wa'azin da Ciwo Ya Koya wa Hutu

An haifi Charles Haddon Spurgeon a garin Kelvedon na ƙasar Ingila a shekarar 1834. Ya ba da gaskiya ga Almasihu yana ɗan shekara 15, kuma bai kai shekara 20 ba aka kira shi ya zama faston ikilisiyar Baptis ta New Park Street a birnin Landan, a 1854. Jama'a suka yi ta tururuwa har majami'ar ta kasa ɗaukarsu.

Wannan ne ya sa aka yi hayar babban zauren Surrey Gardens. A daren 19 ga Oktoba 1856, ana cikin sujada, sai waɗansu suka ta da ihu wai gobara ta tashi. Mutum 7 suka rasu a turmutsitsin. Spurgeon yana da shekara 22 a lokacin, abin kuwa ya karya masa zuciya ƙwarai. Aka kai shi gidan wani abokinsa a bayan gari, inda ko ganin Littafi Mai Tsarki ya yi sai hawaye su zubo masa. Bayan kimanin mako biyu ya koma kan bagade, amma baƙin ciki mai nauyi ya riƙa dawo masa har ƙarshen ransa.

Aiki kuwa sai ƙaruwa yake yi. A 1861 aka buɗe majami'ar Metropolitan Tabernacle mai ɗaukar mutum wajen 5,000. Ga kwalejin horar da fastoci, ga gidan marayu a Stockwell, ga mujallar wata-wata da ya fara a 1865, ga kuma wa'azinsa da ake bugawa kowane mako. Jiki ba ƙarfe ba ne. Tun yana ɗan shekara talatin da wani abu ciwon gaɓoɓi ya kama shi, mai kumbura ƙafa har mutum ya kasa tsayuwa, daga baya ciwon ƙoda ya biyo. Yakan yi makonni a kwance, ikilisiya tana jira.

A nan ikilisiyarsa ta cancanci yabo. A 1868 ta naɗa ƙanensa James ya zama mataimakinsa, ya ɗauke masa yawancin harkokin yau da kullum. Daga shekarun 1870 kuma, kusan kowace hunturu yakan bar sanyi da hazon Landan ya tafi Menton, wani gari a kudancin Faransa a bakin Tekun Bahar Rum. Can yakan zauna a rana, ya zaga cikin itatuwan zaitun, ya yi addu'a da 'yan baƙin masaukinsa, sa'an nan ya koma gida da sabon ƙarfi. Da wuya a sami irin wannan dattaku a inda fasto in ya nemi hutun wata guda sai a fara raɗa cewa himmarsa ta yi sanyi.

Abin da ciwo ya koya masa bai ɓoye wa ɗalibansa ba. A cikin laccocin da ya yi musu akwai guda sukutum a kan sanyin gwiwar ma'aikacin Allah. Ya nuna musu cewa yawan zama a ɗakin karatu ba iska, ba motsa jiki, yakan jawo duhun zuciya wanda mutum zai ɗauka raunin bangaskiya ne. Ya tuna musu yadda Yesu, a Markus sura 6, ya janye almajiransa gefe su huta alhali taro yana jiransu. Ya kuma kawo misalin mai yankan ciyawa, wanda tsayawar da yake yi domin wasa laujensa ba asarar lokaci ba ce.

Sai dai ya fi iya koyar da darasin a kan bin sa. Ko a Menton alƙalami bai bar hannunsa ba. Gardamar koyarwa da ta sa ya fita daga ƙungiyar Baptis ta Ingila a 1887 ta ƙara raunana shi. Ya yi wa'azinsa na ƙarshe a Tabernacle ranar 7 ga Yuni 1891. A watan Oktoba ya tafi Menton tare da matarsa Susannah, wadda rashin lafiya ya hana ta raka shi a shekarun baya. A can ya rasu ranar 31 ga Janairu 1892, yana da shekara 57. Aka mayar da gawarsa Landan, aka binne shi a maƙabartar Norwood.