Ummu Kulsum ta Masar: mawaƙiyar da ta karɓe cinikinta daga hannun dillalai

Duk wanda ya taɓa bin hanyar fatauci ta gabas, ya zauna shan shayi a rumfar wani Balarabe, da wuya a ce bai ji muryar wata mata tana fita daga akwatin rediyo ba, waƙa ɗaya tana neman cinye awa guda, jama'a kuma suna ta sowa a bayanta. Wannan ita ce Ummu Kulsum ta ƙasar Masar, wadda Larabawa suka yi wa laƙabi da Tauraruwar Gabas, ta kuma rasu a shekarar 1975. Mu ma'aikatan rediyo mun fi saninta da murya. To amma ɓangaren rayuwarta da muke so mu duba a yau shi ne wanda ya fi shafar ku 'yan kasuwa, wato yadda 'yar ƙauye ta gane cewa muryarta haja ce, ta kuma ƙi yarda wani ya yanka mata farashi.

An haife ta a wani ƙaramin ƙauye mai suna Ɗamay Zahayira, cikin lardin Daƙahaliyya, a yankin da kogin Nilu yake rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Mahaifinta, Shehu Ibrahim, limamin masallacin ƙauyen ne, talaka, wanda yake ƙara abin cefane da rera ƙasidun yabon Annabi (SAW) a wuraren biki da maulidi. Yana koya wa ɗansa Khalid ƙasidun nan, ita kuwa tana gefe tana ɗauka ba tare da an sani ba. Ta yi karatun allo, kuma daga nan ne ta samo fitar da haruffan Larabci daram, abin da ya zame mata jari har ƙarshen rayuwarta. Da uban ya ji ƙarfin muryarta sai ya riƙa tafiya da ita, amma yana sa mata riga da rawani irin na yara maza, don gudun bakin mutane. Ita da kanta ta sha ba da labarin cewa ladan farko da ta samu a gidan mai garinsu shi ne kwano ɗaya na muhallabiyya, wani irin kunun madara mai sukari.

Daga nan aka shiga yawon ƙauyuka. Da farko a ƙasa suke tafiya, sannan a kan jaki, daga baya a jirgin ƙasa. Duk wanda ya taɓa cin kasuwannin ƙauye ya san irin wannan wahala: wata rana a yi doguwar tafiya a tarar an ɗage bikin ba a aiko ba, wata rana kuma mai shirya taron ya tara kuɗi ya miƙo abin da ya ga dama. Yarinyar tana kallo, tana kuma riƙewa.

A farkon shekarun 1920 iyalin suka koma Alƙahira. Birnin ya cika da mawaƙa mata waɗanda suka yi suna, irin su Munira Mahadiyya, kuma 'yan birni suka riƙa yi wa baƙuwar dariya saboda shigarta ta ƙauye da 'yan amshinta masu rawani, waɗanda ba su da kayan kiɗa ko ɗaya. A nan ta yi abin da ba kowa ke iya yi ba. Ta nemi ilimi wurin Shehu Abul Ila Muhammad, ta kama marubucin waƙoƙi Ahmad Rami yana rubuta mata yana kuma karantar da ita adabi, sannan a shekarar 1926 ta sauke mahaifinta da 'yan uwanta daga kan dandali, ta ɗauko ƙwararrun makaɗa da ake biya, cikinsu har da Muhammad Ƙasabji mai kaɗa udu da Sami Shawwa mai goge. Mai karatu, wanda ya taɓa cire ɗan uwansa daga kan teburin shago don ya sa bare wanda ya fi iya lissafi, shi zai san nauyin wannan mataki.

Lokacin nan ne kuma kasuwar faifan garmaho take tashe. Kamfanin Odeon ya fara ɗaukar muryarta, faya-fayan kuma suka ƙare a kasuwa fiye da yadda kamfanin ya zata. Dalili kuwa shi ne mutanen karkaran nan da ta yi shekaru tana yi wa waƙa a bukukuwansu sun san ta, alhali taurarin birni ba su taɓa taka ƙauyukansu ba. Ashe yawon jakin nan tara masu saye ta yi. Da ta gane haka, sai ta koma kamfanin Gramophone a 1926 da kuɗi mafi tsoka, kuma tun daga nan duk yarjejeniyar da za a yi da ita sai an sha ciniki. Sannu a hankali ta janye harkarta daga hannun masu shirya wasa da suke cin la'ada a tsakani. Kafin ƙarshen shekarun 1930 ita ce take kama hayar gidan wasa da kanta, ta biya makaɗanta, abin da ya rage na tikiti ya zama nata. Idan an yi asara ma tata ce, domin wanda ya kori dillali ya ɗauki kasadar da dillalin yake ɗauka.

Babbar dabararta, a ganinmu, ita ce wadda ta yi da rediyo. An buɗe gidan rediyon gwamnatin Masar a ranar 31 ga Mayu 1934, tana cikin waɗanda suka yi waƙa a wajen buɗewar. Ba a daɗe ba ta kafa wata al'ada: a lokacin wasanninta na shekara, daren Alhamis ta farko a kowane wata za ta hau dandali, rediyo kuma ya watsa kai tsaye. Ta riƙe wannan rana har farkon shekarun 1970. Ku da kuke cin kasuwa mako-mako kun fi kowa sanin amfanin tsayayyar rana, domin kasuwar da aka san ranarta ba ta bukatar mai shela. Ga shi kuma farkon wata ne, albashi yana hannu, washegari Juma'a babu aiki, sai a kai tsakar dare ana saurare. Waƙa biyu ko uku kawai take yi a dare, amma kowace tana iya kai awa guda, domin takan maimaita baiti ɗaya sau da yawa, kowane maimaici da salonsa, gwargwadon yadda masu sauraro suka roƙa. Wasu mawaƙan sun ji tsoron cewa wanda ya ji kyauta a rediyo ba zai sayi tikiti ba. Ita kuwa rediyon ne ya zame mata talla, har masu hali suka riƙa hawo jirgin sama daga wasu ƙasashen Larabawa don daren nan kaɗai.

Ta taɓa harkar fim ma, inda ta fito a guda shida, daga Widad a 1936 zuwa Fatima a 1947. Ba duka suka yi kasuwa ba, domin Aida na 1942 bai karɓu ba. Bayan na shida ta bar harkar, ga kuma ciwon ido da hasken fitilu yake tayar mata, wanda ya sa ta koma sa baƙin tabarau.

Kada mu ɓoye, mace ce mai tsauri a ciniki, kuma tsaurin ya taɓa na kusa da ita. Zakariyya Ahmad, wanda ya tsara mata kiɗan wasu daga cikin waƙoƙinta mafi daɗi, ya kai ƙara kotu a kan haƙƙinsa na waƙoƙin da ake watsawa, suka yi shekaru ba sa aiki tare, sai a 1960 aka sasanta, shi kuma ya rasu a shekarar da ta biyo baya. Ƙasabji kuwa, wanda ya taimaka wajen ɗaga ta tun farko, ta daina karɓar kiɗan da yake tsarawa tun shekarun 1940, amma ya ci gaba da zama a bayanta da udunsa a matsayin makaɗi kawai har ya rasu a 1966. Wannan ɓangare na labarin bai yi mana daɗi ba. Wadda ta san zafin a ci guminka, ya kamata a ce ta fi haka sassauci ga masu yi mata aiki, musamman da yake ta shugabanci ƙungiyar mawaƙan Masar shekaru da dama.

Siyasa ma ta kusa karya mata jari. Da sojoji suka hamɓare Sarki Faruku a 1952, an dakatar da sa waƙoƙinta a rediyo saboda ta yi wa sarkin waƙa a baya. Jamal Abdul Nasir ne ya sa aka janye wannan hani, daga nan kuma suka ƙulla zumunci. Ta ci gaba da sabunta hajarta don kada matasa su bar ta a baya: ta ɗauki matashin mai tsara kiɗa Balig Hamdi, sannan a 1964 ta haɗa kai da babban abokin gasarta Muhammad Abdul Wahab suka fitar da Inta Umri.

Bayan Isra'ila ta ci Masar da yaƙi a 1967, sai ta juya wannan ƙwarewa ta tara kuɗi zuwa ga ƙasarta. Ta zagaya lardunan Masar tana wasa, ana tara kuɗi da gwalagwalan mata. A watan Nuwamba na shekarar ta yi dare biyu a gidan wasa na Olympia da ke Paris, ta bi da Maroko, Tunisiya, Kuwait, Labanon da Libiya, abin da aka samu kuma ta zuba a baitulmalin gwamnati. A ƙarshen 1968 ta sauka Khartum, kuma bayan wannan ziyara ne ta zaɓi waƙar wani malamin makaranta ɗan Sudan, Alhadi Adam, ta rera ta a 1971.

Ciwon ƙoda ya kwantar da ita, ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975. Miliyoyin mutane suka fito jana'izarta a titunan Alƙahira, har jama'a suka karɓe makarar daga hannun masu ɗauke da ita suka yi ta yawo da ita. Gidanta na unguwar Zamalik an rushe shi bayan rasuwarta, aka gina otal a wurin. A 2001 gwamnati ta buɗe gidan tarihi da sunanta a tsibirin Rauda, inda aka ajiye rigunanta, da tabaranta, da irin gyalen da take riƙewa a hannu idan tana waƙa. Allah Ya jiƙanta.