Clara Schumann: makaɗiyar piyano da ta riƙe gida da sana'arta fiye da shekaru 60

Kafin kuɗin Yuro ya maye gurbin kuɗin Jamus a shekarar 2002, takardar mark 100 tana ɗauke da fuskar wata mace, a bayanta kuma an zana piyano. Macen ita ce Clara Schumann. Ta hau dandali tana da shekaru 9, ba ta sauka ba sai da ta kai 71. A tsakanin nan ta kai mahaifinta kotu, ta haifi ƴaƴa takwas, ta rasa miji, ta ciyar da marayu da jikoki, kuma duk da sana'a ɗaya.

Piyano babban akwatin katako ne mai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200 a cikinsa. Makaɗi yana zaune ne yana danna madannai farare da baƙaƙe, kowane madanni ya ɗaga ƴar guduma ta bugi tsirkiya. Bambancin kiɗan Turawa na gargajiya da kiɗan gurmi ko molo shi ne ana rubuta shi a takarda. Wani ya tsara kiɗa ya rubuta, wani dabam ya kaɗa shi, ko da bayan mai shi ya mutu. Wannan rabon aiki shi ne ginshiƙin labarin Clara da mijinta.

Gado a hannun uba

An haifi Clara Wieck ranar 13 ga Satumban 1819 a birnin Leipzig na Jamus, lokacin da Muhammadu Bello yake shekarunsa na farko a gadon sarautar Sakkwato. Mahaifinta, Friedrich Wieck, malamin piyano ne kuma mai sayar da su. Mahaifiyarta, Marianne Tromlitz, mawaƙiya ce kuma makaɗiya. Auren ya mutu Clara tana ƙarama, doka kuma ta ba uba ƴaƴa. Tana da shekaru 5 aka raba ta da uwarta, wadda daga baya ta sake aure ta koma Berlin.

A Madawa, Buza ko Keita, ba baƙon abu ba ne ɗan makaɗi ya tashi da sana'ar gidansu, tun da an ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Amma horon Wieck ya wuce na yau da kullum. Ya tsara wa yarinyar yininta: darasin awa ɗaya a gabansa, awa biyu na maimaici, sai doguwar tafiyar ƙasa don ƙarfin jiki. Ya sa an koya mata waƙa da goge da ƙa'idojin tsara kiɗa. Har littafin da ake rubuta abubuwan da suka faru a rayuwarta, shi yake rubutawa da sunanta, kamar ita ke magana. Yarinyar da ba ta fara magana sosai ba sai da ta kai shekaru 4 ta zama shaidar da uban yake nunawa cewa hanyarsa ta koyarwa tana aiki.

A watan Oktoban 1828 ta fara fitowa a Gewandhaus, babban zauren kiɗa na Leipzig. A Nuwamban 1830 ta yi wasanta na ƙashin kanta a wannan zaure tana da shekaru 11. Shekara ta zagayo uban ya ɗauke ta yawon wasa har Paris. A hanya, a garin Weimar, ta yi wa tsohon marubuci Goethe kiɗa, ya ba ta lambar yabo mai ɗauke da hotonsa. A Paris kuwa sun tarar da annobar kwalara ta 1832, mutane kaɗan suka zo sauraro.

Tana da shekaru 16 ta gabatar da babban kiɗan da ta tsara da kanta na piyano da ƙungiyar makaɗa, Felix Mendelssohn yana jagorantar makaɗan. A lokacin sanyin 1837 zuwa 1838 ta cika zaurukan birnin Vienna, har fadar sarkin Ostiriya ta naɗa ta makaɗiyar fada a watan Maris na 1838, duk da cewa baƙuwa ce, yarinya ce, kuma ba ƴar ɗariƙar Katolika ba kamar mutanen fadar.

Auren da kotu ta ba da izini

Cikin almajiran Wieck akwai wani saurayi mai suna Robert Schumann, wanda ya girmi Clara da shekaru 9. Ya bar karatun shari'a don ya zama makaɗi, har ya zauna a gidan malamin a 1830. Hannunsa na dama ya samu lahani, sai ya haƙura da hawa dandali ya koma tsara kiɗa da rubutu a jarida. Da Clara ta girma suka fara son juna, suka yi alkawarin aure a 1837.

Wieck ya ce sam. Hujjarsa ita ce saurayin ba shi da tsayayyen abin yi, kuma aure zai kashe sana'ar da ya ɓata shekaru yana ginawa. Ya hana su haɗuwa, ya riƙe kuɗin da ƴarsa ta tara a wasanni. A 1839 masoyan suka shigar da ƙara, Clara kuma ta koma Berlin wurin mahaifiyarta, wadda ta amince da auren. A gaban alƙalai Wieck ya zargi Robert da shaye-shaye amma ya kasa kawo hujja. Kotu ta ba su izini a watan Agustan 1840, aka ɗaura aure ranar 12 ga Satumba, ana gobe amarya za ta cika shekaru 21. Sai a 1843 uba da ƴa suka shirya.

Wani ɓangare na tsoron uban ya tabbata. Idan Robert yana tsara kiɗa, dole Clara ta bar piyanonta, domin ƙara tana ratsa bango ta dame shi. Daga 1841 zuwa 1854 ta haifi ƴaƴa takwas, ɗaya, Emil, ya rasu yana jariri. Duk da haka wasanninta ne ke cike giɓin kuɗin gida. A 1844 suka yi watanni huɗu a Rasha, inda ita ce tauraruwa, shi kuwa ana kallonsa a matsayin mijin makaɗiya, abin da ya yi masa ciwo. Amma ita ce ta riƙa kai kiɗansa kunnen jama'a. A Disamban 1845, a Dresden, ita ta fara kaɗa babban kiɗansa na piyano da ƙungiyar makaɗa, wanda har yau ake yi a duniya.

A watan Mayun 1849 tawaye ya ɓarke a Dresden, inda suke zaune. Clara ta fitar da mijinta da babbar ƴarsu Marie zuwa ƙauye. Bayan kwana biyu, da tsohon ciki, ta koma cikin gari ana harbe-harbe, ta kwaso sauran yaran uku.

Rashin lafiyar miji da riƙon marayu

A 1850 iyalin suka koma Düsseldorf, inda Robert ya samu aikin shugaban makaɗan gari. Lafiyar ƙwaƙwalwarsa ta riƙa taɓarɓarewa, yana jin ƙararraki da muryoyin da babu su. Ranar 27 ga Fabrairun 1854 ya faɗa kogin Rhine, masu jirgin ruwa suka tsamo shi. Bayan ƴan kwanaki aka kai shi asibitin masu taɓin hankali a Endenich, kusa da Bonn. Clara tana da cikin autansu Felix, wanda uban bai taɓa gani ba. Likitoci suka hana ta ganin mijinta fiye da shekaru biyu. Ta samu ganinsa ne kwana biyu kafin ya rasu, ranar 29 ga Yulin 1856.

Tana da shekaru 36, da ƴaƴa bakwai. Tun mijin yana asibiti abokai suka so shirya wasan tara mata gudummawa, ta ƙi. Ta zaɓi komawa dandali ta biya kuɗin asibiti da na gida da guminta, watanni kaɗan bayan haihuwar Felix. A 1856 ta fara zuwa Ingila, ta kuma riƙa komawa har 1888, sau 19 gaba ɗaya. Ta yi wasa fiye da sau 200 tare da Joseph Joachim, fitaccen mai kiɗan gogen Turawa. Takardun shirye-shiryen wasanninta da aka adana sun haura 1,300.

Wannan zaɓi yana da tsada. Yaran sun tashi a warwatse, wasu a gidajen dangi, wasu a makarantun kwana, uwar tana hanya mafi yawan lokacin sanyi. Ta kusan daina tsara kiɗan kanta bayan rasuwar mijin. Sannan mutuwa ta yi ta bin gidan: Julie ta rasu a 1872, Felix a 1879, Ferdinand a 1891, riƙon ƴaƴansa kuma ya dawo kan kakarsu. Ludwig ya ƙare rayuwarsa a asibitin masu taɓin hankali. Ita kanta ciwon hannu ya hana ta wasa fiye da shekara guda, kafin ta koma a 1875.

Wanda ya tsaya mata tun farkon wannan hali shi ne Johannes Brahms, matashin da ya zo gidansu a 1853 yana da shekaru 20, Robert ya yaba masa a jarida. Brahms ya taimaka da yara da lissafin gida lokacin da maigidan yake asibiti. Amincinsu ya kai shekaru 43, yana aika mata sabbin ayyukansa don jin ra'ayinta. Clara ba ta sake aure ba, kuma da baƙaƙen tufafi ta riƙa fitowa wasa.

Abin da ta sauya a sana'ar

A ƙuruciyarta, makaɗan piyano suna burge jama'a ne da saurin yatsu da kiɗan nuna gwaninta. Clara ta juya akalar zuwa ayyukan Bach, Beethoven, Chopin, Mendelssohn, mijinta da Brahms. Tana cikin na farko da suka riƙa kaɗa dogayen ayyuka da ka, ba takarda a gabansu, abin da ya zama al'adar makaɗan piyano har yau. A ganinta makaɗi ɗan aiken mai tsara kiɗa ne, ba ya ƙari, ba ya ragi. Da wannan ta sa ayyukan Robert, waɗanda da farko mutane ke ganin suna da wuyar fahimta, suka zauna daram. Ita ce kuma ta jagoranci tattara su da gyara su ga kamfanin ɗab'i na Breitkopf & Härtel.

Malama a Frankfurt

A 1878, shekarar da Leipzig ta yi bikin cikarta shekaru 50 a dandali, aka buɗe makarantar kiɗa ta Hoch a Frankfurt. Shugabanta, Joachim Raff, ya nemi Clara ta zama babbar malamar piyano, a zamanin da ba a ba mata irin wannan kujera. Ta gindaya sharuɗɗa: za ta koyar a gidanta, za a ba ta hutun watanni huɗu a shekara, kuma za a bar ta ta ci gaba da fita wasa. Aka amince. Ƴaƴanta Marie da Eugenie su ke fara horar da sabbin ɗalibai kafin su kai gaban uwar.

Ɗalibai sun zo daga Jamus, Ingila da Amurka, da yawansu mata. Ta hana su dukan piyano da ƙarfi. Abin da take nema shi ne sauti mai kama da muryar mawaƙi, da bin abin da ke rubuce sau da ƙafa. Cikin waɗanda suka fito daga hannunta akwai Fanny Davies, Adelina de Lara, Ilona Eibenschütz da Leonard Borwick. Wasunsu sun rayu har zamanin faifai, saboda haka ana iya jin ɓurɓushin salonta a abin da suka naɗa. Wani ɗalibin, Carl Friedberg, ya koyar shekaru masu yawa a makarantar Juilliard ta New York. A 1950 ya koyar da wata baƙar fata ƴar Amurka mai burin zama makaɗiyar piyano, wadda duniya ta sani daga baya da sunan Nina Simone.

Clara ta yi wasanta na ƙarshe a bainar jama'a ranar 12 ga Maris na 1891 a Frankfurt, inda ta kaɗa wani aikin Brahms na piyano biyu. Kunnenta ya fara ba ta matsala, ta ajiye aikin makarantar a 1892, amma ta ci gaba da karɓar ɗalibai a gida. Shanyewar jiki ta same ta a watan Maris na 1896, ta rasu ranar 20 ga Mayu tana da shekaru 76. Brahms ya bi ta kafin shekara ta cika.

An binne ta kusa da mijinta a tsohuwar maƙabartar Bonn, garin da Sashen Hausa na DW yake watso shirye-shiryensa a yau. Kiɗe-kiɗen da ta tsara da kanta sun daɗe a ajiye ba mai taɓawa, sai daga shekarun 1970 aka fara tono su ana naɗa. A 2019 birnin Leipzig ya yi bikin cika shekaru 200 da haihuwarta, kuma gidan da ta tare a matsayin amarya yanzu gidan tarihi ne, da makarantar yara a cikinsa.