Maria Callas: Ɗiyar Baƙi Da Duniya Ta Yi Wa Tafi, Gida Ya Gagare Ta

Da aka ce in kawo tarihin wani shahararre a wannan fitowa, na san wasu za su sa ran ganin sunan sarki ko malami. Sai ga ni da wata mawaƙiya 'yar asalin Girka, wadda ta rasu tun iyayenmu suna yara. Ku yi mini uzuri, akwai dalili.

A Jega aka haife ni, amma iyayena baƙi ne. Daga Dogon Dutsi ta Nijar suka zo, Baba yana sarin albasa a Aliero. Duk wadda ta tashi a gidan baƙi ta san yadda abin yake: ba zuwa gidan ƙawa, ba tsayawa a hanya, kafin magariba kina ɗaki. Ko bikin aminiyata da aka yi a Maiyama, nan kusa, Inna hana ni ta yi. Hujjarta kullum ɗaya ce, wai kuskuren ɗan gari nasa ne shi kaɗai, na baƙo kuwa sai a ce halinsu ne. Bara na ci karo da bidiyon Maria Callas a waya. Ko kalma ɗaya ban gane ba, amma muryar ta sa na bi labarinta, sai na tarar da abin da ya yi kama da gidanmu.

Mahaifinta George Kalogeropoulos mai haɗa magunguna ne a wani ƙaramin gari na Girka, mahaifiyarta kuma Evangelia, ana ce mata Litsa. Suna da ɗiya mai suna Jackie da ɗa namiji, Vassilis, wanda ya rasu yana ƙarami a 1922. Shekara ta zagayo George ya kwashe iyalinsa zuwa Amurka, Litsa tana da ciki. A watan Disamba na 1923 ta haihu a New York. Ta riga ta sa a ranta namiji ne zai maye gurbin wanda ta rasa, da ta ji mace ce sai da ta yi kwana huɗu ba ta kalli jaririyar ba.

Zaman baƙunta bai zo musu da sauƙi ba. Uban ya gajarta sunansu ya koma Callas don Amurkawa su iya faɗa. Ya buɗe kantin magani, karyewar tattalin arziki ta 1929 ta tafi da shi. A gida kuwa Jackie ce 'yar lele, doguwa kyakkyawa. Maria ga ƙiba, ga raunin ido, kullum da tabarau mai kauri. Da Litsa ta lura yarinyar tana da murya, sai ta riƙe wannan da hannu biyu. Tun tana 'yar shekara biyar ake tsayar da ita ta yi waƙa, daga baya aka shiga kai ta gasa a gidajen rediyo. Wallahi da na karanta wannan, yaran da ake ɗora wa talla a kasuwar Jega na tuna. Farantin Maria kawai a maƙogwaronta yake.

A 1937 aure ya lalace, Litsa ta ɗebi 'ya'yanta ta koma Atina, babban birnin Girka. Maria ba ta kai shekarun shiga makarantar koyon waƙa ba, sai aka ƙara mata shekaru. Daga baya ta koma hannun wata malama 'yar Sifaniya, Elvira de Hidalgo, wadda ta zame mata uwa ta biyu. Nan ne ya kamata mu ɗalibai mu tsaya. Maria takan zo da safe, ta gama darasinta, ta zauna tana sauraren na sauran ɗalibai har a tashi, don a ganinta ko wanda ya fi kowa rauni yana da abin da za ta koya a wurinsa. Abin da take koyo shi ne opera, wasan kwaikwayo da ake yinsa da waƙa tun daga farko har ƙarshe, mawaƙi ya cika babban zaure da muryarsa ba lasifika.

A 1941 sojojin Jamus da Italiya suka mamaye Girka, yunwa ta kashe dubban mutane a Atina. Maria ta faɗa daga baya cewa a wannan lokaci uwarta ta riƙa tura ta wurin sojojin mamaya don ta samo kuɗi da abinci, kuma ba ta taɓa yafe wannan ba.

Bayan yaƙi ta koma wurin mahaifinta a Amurka, daga nan ta wuce Italiya a 1947, ta auri wani attajiri mai suna Meneghini a 1949. A farkon shekarar ne, a birnin Venice, wata mawaƙiya ta kwanta ciwo, aka ba Maria kimanin mako guda ta haddace rawarta, alhali tana tsakiyar wani wasan mai buƙatar murya ta daban. Ta yi duka biyun. Daga nan sunanta ya cika Turai, ta zama tauraruwar La Scala, babban gidan opera na Milan.

Amma gida yana nan yadda yake. A 1950 ta gayyaci uwarta zuwa Meziko inda take wasa. Suka rabu baram-baram, aka bi da wasiƙu masu zafi a kan kuɗi. Mujallar Time ta baza rigimar a 1956, Litsa kuma ta fitar da littafi a kan ɗiyarta a 1960. Maria ta bar mijinta a 1959 saboda attajirin jiragen ruwa Aristotle Onassis, shi kuma a 1968 ya auri Jacqueline Kennedy, matar marigayi shugaban Amurka. Muryar ta fara ja da baya. Ta rasu a gidanta na Paris ranar 16 ga Satumba, 1977, tana da shekara 53. Tun rabuwar Meziko, shekara 27, ba su sake haɗuwa da uwarta ba. Litsa ta ƙara shekara biyar a duniya.

Da farko Litsa kaɗai na ga wa laifi. Da na sake tunani sai na ga mace da ta binne ɗanta, aka kai ta ƙasar da ba ta jin harshensu, miji ya karye. Tsoro ne ya sa ta matse yarinyar, kuma ba don nacinta ba da wataƙila duniya ba ta ji muryar ba. Sai dai ta mai da ɗiyarta jari, ta manta yarinya tana son a so ta ko ba ta kawo komai ba. Ita ma Maria ta bar fushi ya girma har ƙofa ta rufe.

Ga abin da ya sa na zaɓe ta. Inna tana so ina gama difloma in dawo gida a yi maganar aure, ni kuwa babbar difloma nake so. Muka yi sa-in-sa, na yi mako uku ban kira ta ba. Ina cikin wannan rubutu na tuna cewa duk tsananin Inna, ko sau ɗaya ba ta ɗora mini talla ba, har a shekarar da albasa ta ruɓe wa Baba. Ta sayar da akuyarta ta biya mini kuɗin jarrabawa. Daren nan na kira ta. Abin da ta fara tambaya shi ne ko na ci abinci.

Har yanzu ba mu daidaita ba. Idan an yi hutu zan hau mota zuwa Jega in durƙusa gabanta in faɗi nawa, in saurari nata. Allah ya bar mu da iyayenmu, ya sa mu gama lafiya.