Tarihin Toma Akwinas, Beben Sa

An haifi Toma wajen shekarar 1225 a wani gidan sarauta da a ke kira Rokaseka, kusa da garin Akwino, tsakanin Roma da Nafuli a ƙasar Italiya. Daga sunan garin nan ne ya sami laƙabinsa na Akwinas. Iyayensa manyan mutane ne, masu ƙasa da barori. Yana ɗan shekara 5 suka kai shi gidan ibada na Monte Kasino domin ya yi karatu, suna sa rai wata rana ya zama shugaban wurin, danginsu su ƙara girma.

A 1239 ya tafi jami'ar Nafuli, wadda Sarki Firederik na Biyu ya kafa a 1224. A can ya fara karanta littattafan Aristotal, masanin nan na Girka. A can kuma ya gamu da 'yan ƙungiyar Dominik, waɗanda ba su da dukiya, sai wa'azi da koyarwa, abincinsu kuwa na sadaka ne. A 1244 ya shiga cikinsu. Da danginsa suka ji, abin ya ɓata musu rai ƙwarai, ɗan sarauta ya koma mai bara! 'Yan'uwansa suka tare shi a hanya, suka kama shi, aka tsare shi a gida wajen shekara guda. Aka yi rarrashi, aka yi barazana, ya ƙi sakewa. Da suka gaji suka sake shi.

Daga nan ya tafi Faris, ya zama almajirin babban malami Albat, ya kuma bi shi zuwa Kolon ta ƙasar Jamus a 1248. Toma ƙaton mutum ne, ga shi ba ya son surutu, har abokan karatunsa suka riƙa ce masa beben sa. An ce malaminsa ya gargaɗe su, ya nuna musu wata rana duniya duka za ta ji kukan san nan. A 1256 ya zama shaihin malami a jami'ar Faris.

Sa'ad da ya ke koyarwa a Roma, daga 1265 zuwa 1268, ya lura littattafan da a ke ba masu fara karatun tauhidi suna ruɗa su: tambayoyi barkatai, ba tsari, ga maimaici mai gundura. Sai ya fara rubuta musu babban littafinsa, Summa Theologiae, watau taƙaitaccen bayanin tauhidi. Kowace matsala ya kan fara kawo hujjojin masu ja da shi, sa'an nan ya ba da tasa amsa, ya koma ya warware hujjojin ɗaya ɗaya. Bai raina kowa ba, ya karanta Ibn Sina da Ibn Rushd na Musulmi, da Maimonides na Yahudawa, inda ya yarda da su ya faɗa, inda ya saɓa ya kawo dalili.

Cikin abubuwan da ya bincika har da wannan: yaya halin ɗan Adam ya ke kafin zunubin fari? Kada mai karatu ya ɗauka tambayar banza ce. Wanda bai san lafiya ba, ba zai gane cuta ba. Toma yana so ya rarrabe abin da ya ke halittarmu ta asali da abin da zunubi ya jawo.

A koyarwarsa, Adamu yana cikin daidaito hawa uku: hankalinsa yana biyayya ga Allah, sha'awarsa tana biyayya ga hankali, jikinsa yana biyayya ga rai. Wannan shi a ke kira adalcin asali. Kyauta ce daga alherin Allah, ƙari a kan halitta, har rashin mutuwa ma daga cikin kyautar nan ya ke. Da hankali ya yi wa Allah tawaye, sai na ƙasa su ma suka yi wa hankali tawaye. Kyautar ta tafi ɗungum, son nagarta ya ragu, amma tushen halitta bai rushe ba. Mutum ya fito da raunuka 4: jahilci, da ƙeta, da rashin ƙarfin hali, da kwaɗayi. Musulmi dai ba su yarda a kan gaji zunubin Adamu ba, wannan koyarwar Kirista ce.

Da ma'aunin nan ya amsa tambayoyi da yawa. Da ba a yi zunubi ba, da mutane za su ci abinci, su yi aure, su haifi maza da mata. Zaki zai ci nama yadda ya saba, gama laifin mutum bai sāke halin dabba ba. Za a sami shugabanci, domin mutum mai zaman jama'a ne, amma ba za a sami bauta ba.

To, ga wadda ta fi shafarmu. Shin da an haifi yara da ilmi cikakke? Toma ya ce a'a. Adamu kaɗai aka ba ilmi tun farko, domin shi ne zai koya wa zuriyarsa. Yaran kuwa sai sun gani, sun ji, sun taɓa, an kuma koya musu, illa dai da ba su sha wahala a kai ba. Ashe koyo da koyarwa ba horon laifi ba ne, suna cikin halittarmu tun asali.

Ya sāke koyarwa a Faris, sa'an nan ya koma Nafuli a 1272. Ran 6 ga Disamba 1273, bayan wani abu da ya same shi yana cikin sujada, ya ajiye alƙalami, bai ƙara rubutu ba. Ya nuna wa magatakardansa duk abin da ya rubuta ya zame masa kamar tattaka. Littafin bai ƙare ba. Paparoma ya kira shi babban taro a Liyon, ya kama hanya, ciwo ya kā da shi, ya rasu a gidan ibada na Fosanoba ran 7 ga Maris 1274, bai cika shekara 50 ba. A 1323 Ikilisiyar Katolika ta sa shi cikin tsarkaka.

Ku da za ku fita koyarwa, ran da yaro ya kasa gane lissafi, kada ku yi saurin ce masa dakiki, ko ku ɗaga bulala. Rashin sanin yaro ba laifi ba ne, haka aka halicce shi ya koya sannu sannu. Ku kuma lura da mai shirun nan na kujerar baya, watakila wani beben sa ne.