Sardauna Ahmadu Bello: daga filin ƙwallon bango na Katsina zuwa Jami'ar Zariya

A ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu, sunan Sakkwato ba baƙo ba ne. Garin Mai Wurno da ke kusa da Sinnar, Muhammadu Bello Mai Wurno ne ya kafa shi a 1906, bayan mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu a yaƙin Burmi a 1903. Shekara huɗu da kafa garin, a can gida, aka haifi wani jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a garin Raba, wanda duniya ta sani da Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Yawancin mutane sun san shi a matsayin Firimiyan Jihar Arewa ta Najeriya. Abin da ba a cika ambata ba shi ne cewa ɗan wasa ne tun yana ɗalibi har ya girma, kuma jami'ar da ya kafa ta zama ɗaya daga cikin manyan gidajen wasanni a Najeriya.

Maraya daga Raba

An haifi Ahmadu a 1910. Mahaifinsa, Malam Ibrahim, shi ne hakimin Raba, ɗa ne ga Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Raba, jika ga Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu. Ke nan da Sardauna da Mai Wurno tsatsonsu ɗaya: Sardauna ta gidan Bello ya fito, Mai Wurno kuwa ta gidan Atiku ɗan Shehu.

Yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya rasu. Ya fara da karatun allo kamar kowane yaro na lokacin, daga baya aka kai shi makarantar lardi ta Sakkwato. A 1926 ya wuce Kwalejin Katsina, wadda Turawa suka buɗe a farkon shekarun 1920 don horar da malamai. Shekara biyar ya yi a can, ya gama a 1931. Abubakar Tafawa Balewa, wanda daga baya ya zama Firaministan Najeriya, ya same shi a makarantar a 1928.

Ilimin bokon Arewa na wancan zamani yana da alaƙa da Sudan. Kafin Hanns Vischer, wanda Kanawa ke kira Ɗan Hausa, ya kafa makarantarsa ta Nasarawa a Kano, sai da ya ziyarci Masar da Sudan ya ga yadda ake tafiyar da makarantu, har da Kwalejin Gordon ta Khartum, wadda ita ce ta zama Jami'ar Khartum a 1956. A irin waɗannan makarantu na kwana, wasan yamma wajibi ne, daidai yake da shiga aji.

Wasan da ba shi da alƙali

A Katsina ɗalibai suna kurket da guje-guje, amma wasan da ya kama zuciyar Ahmadu shi ne ƙwallon bango, wanda Turawa ke kira Fives. Asalinsa daga makarantar Eton ta Ingila ne, inda yara suka saba buga ƙwallo a jikin bangon cocin makarantar. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo shi Arewa a shekarun 1920, ya koyar da shi a Birnin Kebbi da Katsina.

Filin wasan ɗaki ne mai bango uku, bayansa a buɗe. Akwai ɗan tudu da ya raba ƙasan gida biyu, da kuma wani gini da ya turo daga bangon hagu, wanda ke karkatar da ƙwallo ta inda ba a zata ba. Mutum biyu ne ke karawa da mutum biyu, ana dukan ƙwallo da tafin hannu, waɗanda suka riga kai maki 12 su ne suka ci zagayen. A Ingila ana sa safar hannu ana buga wata ƙaramar ƙwallo mai tauri. A Arewa kuwa da hannu tsura ake yi, da ƙwallon tanis, domin ƙwallon Turawan tana farfasa bangon ƙasa.

Babban abin da ya bambanta wannan wasa da sauran shi ne ba shi da alƙali. Idan ƙwallo ta taɓa ƙasa sau biyu kafin ka doke ta, kai ne za ka faɗa da bakinka. Idan ka tare wa abokin hamayya hanya, kai ne za ka yarda a sake bugu. Ahmadu ya ƙware har ya zama kyaftin na wasan a kwalejin, kuma bai bar shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Malami, hakimi, Sardauna

Daga 1931 zuwa 1934 ya koyar a makarantar Midil ta Sakkwato. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi hakimin Raba, kujerar mahaifinsa. Da Sarkin Musulmi Hassan ya rasu a 1938, Ahmadu yana cikin masu neman gadon, amma Abubakar na Uku aka naɗa. Shi kuma aka ba shi sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin masarautar.

A 1943 ya shiga jarrabawa mafi tsanani a ƙuruciyarsa. An zarge shi da taɓa kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi. Ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, aka wanke shi. Shari'ar ta ƙara masa suna a wajen 'yan boko na Arewa, kuma daga baya ya daidaita da Sarkin Musulmi Abubakar, suka yi aiki tare.

A 1948 ya tafi Ingila ya yi kwas a kan mulkin ƙananan hukumomi. Shekara ɗaya bayan haka ya shiga Majalisar Dokokin Arewa. Da jam'iyyar NPC ta tsaya da ƙafarta, ya zama ministan ayyuka a 1952, sannan Firimiyan Arewa a 1954. Arewa ta sami mulkin kai a ranar 15 ga Maris 1959, Najeriya kuma ta sami 'yanci a ranar 1 ga Oktoba 1960. Duk da shi ne shugaban jam'iyyar da ta fi yawan kujeru, ya zaɓi zama a Kaduna, ya bar wa Tafawa Balewa kujerar Legas.

A zamanin mulkinsa ma Sudan ba ta yi nisa da Kaduna ba. A 1958 gwamnatinsa ta gayyaci kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Muhammad Abu Rannat, don gyara tsarin kotuna. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960, a kan samfurin ta Sudan aka tsara ta.

Mulkinsa bai rasa masu suka ba. Jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta daɗe tana kukan yadda kotunan alkalai da 'yan doka na En'e ke gallaza wa 'ya'yanta. A ƙasar Tibi an yi munanan tarzoma a 1960 da 1964. Wanda ke son ya san mutumin sosai, dole ya haɗa wannan da ayyukan da ake yabonsa a kai.

Firimiya a cikin fili

Ko da ya zama Firimiya, Sardauna yakan tuɓe babbar riga da yamma ya shiga fili da ministoci da ma'aikata da tsofaffin abokan makaranta. A wata ziyara da ya kai Ingila har Eton ya je ya buga wasan a mahaifarsa. Ganin shugaba yana yi ya sa aka gina filayen ƙwallon bango a makarantu da garuruwa da dama na Arewa. Har yau ana yin gasar Kofin Sardauna, kuma Katsina da Birnin Kebbi suna cikin garuruwan da wasan ke da rai. A Ingila wasan 'ya'yan masu hali ne, a Arewa kuwa yaran unguwa ne ke cika fili.

Gwamnatinsa ce kuma ta gina babban filin wasa na Kaduna a tsakiyar shekarun 1960, wanda ke ɗauke da sunansa. A nan aka buga wasu daga cikin wasannin gasar ƙwallon ƙafa ta duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 1999, da ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Jami'ar da ya bari

Babban abin da ke damun Sardauna shi ne ƙarancin masu ilimin zamani a Arewa. Da kwamitin Ashby ya ba da shawarar a kafa jami'a a yankin, bai yi jinkiri ba. Aka haɗa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Zariya, da Cibiyar Koyon Mulki ta Kongo, da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a ranar 4 ga Oktoba 1962 da ɗalibai 426. Norman Alexander, mutumin Niyu Zilan, shi ne shugabanta na farko, Sardauna kuma uban jami'a.

Bai daɗe yana ganin girmanta ba. A daren 15 ga Janairu 1966 sojojin da Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ke jagoranta suka afka wa gidansa a Kaduna suka kashe shi tare da matarsa Hafsatu. A wannan juyin mulki aka kashe Tafawa Balewa ma. Gidan nasa shi ne ya zama Arewa House, cibiyar binciken tarihi ta jami'ar. Hotonsa kuma shi ne a jikin takardar Naira 200.

A shekarar da ya rasu aka fara gasar wasannin jami'o'in Najeriya, NUGA, a Ibadan, kuma Jami'ar Ahmadu Bello tana cikin biyar ɗin farko, tare da Ibadan da Nsukka da Legas da Ife. Tun daga lokacin 'yan wasanta ke fafatawa a ƙwallon ƙafa da guje-guje da tsalle-tsalle da sauran fannoni, a gida da kuma gasar jami'o'in Afirka ta Yamma. Fannin da ya fi fito da sunan Samaru shi ne ƙwallon kwando. Wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru masu yawa yana horar da ɗalibai da yaran gari a filin jami'ar. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, kuma shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. Ƙofar filin da aka bari a buɗe ga yaran unguwa ita ce ta kai shi can.

Abin da ya rage mana

Sudan ma tana da nata tarihin a wannan fage. A Khartum aka kafa hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka a 1957, a nan aka buga gasar farko ta kofin nahiyar, kuma Sudan ta ci kofin a 1970. Amma yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya rufe makarantu, ya tarwatsa iyalai daga Wad Madani da Sinnar da ƙauyukan da ke kewaye da su. Yara da yawa sun yi dogon lokaci ba aji ba fili.

Mu malamai mun san cewa idan aka tashi gyaran makaranta, rufi da allo da benci ake fara lissafawa, wasa kuwa sai in kuɗi ya ragu. Tarihin Sardauna yana nuna cewa lissafin bai cika ba. Maraya ne da makarantar kwana ta ba shi aji da fili tare, shi kuma da ya sami iko ya gina wa na baya duka biyun. Ƙwallon bango ba ya buƙatar ciyawa ko takalmi ko alƙali. Bangon ƙasa uku da ƙwallon tanis ɗaya sun isa yara huɗu su koyi haɗa kai da faɗin gaskiya a kan kansu. Al'ummomin Hausawa a Mai Wurno, ko Zongon Kumasi, ko Yawunde, ko Abijan, ba sai sun jira gwamnati kafin su iya wannan ba. Duk kwamitin iyaye da zai zauna a kan gyaran makaranta, ya dace ya ware wa yara wurin wasa tun daga zaman farko.