Harold Edgerton

Harold Eugene Edgerton (6 ga Afrilu 1903 – 4 ga Janairu 1990) injiniyan lantarki ne ɗan ƙasar Amurka, kuma malami a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wato MIT. Ya yi suna wajen inganta fitilar walƙiya ta lantarki, wadda ta ba masu ɗaukar hoto damar kama abin da ke gudu fiye da yadda ido zai iya gani, kamar harsashi a cikin iska ko ɗigon madara a lokacin da ya faɗo.

Farkon rayuwa da karatu

An haife shi a garin Fremont na jihar Nebraska, ya tashi a garin Aurora. Tun yana yaro ya koyi ɗaukar hoto a wurin wani ɗan'uwan mahaifinsa. Ya kammala digirin farko a fannin injiniyancin lantarki a Jami'ar Nebraska a 1925, sannan ya yi aiki na ɗan lokaci a kamfanin General Electric. Daga nan ya wuce MIT, inda ya samu digiri na biyu a 1927 da digirin digirgir a 1931. Ya auri Esther Garrett a 1928, suka haifi 'ya'ya uku.

Fitilar walƙiya

Bincikensa na digiri a kan injinan lantarki masu juyawa ne. Yana so ya ga abin da ke faruwa da injin yayin da yake aiki, amma gudun juyawar ya fi ƙarfin ido. Sai ya yi amfani da fitila mai walƙiya a kai a kai. Idan aka daidaita yawan walƙiyar da yawan juyawar injin, haske zai riƙa kama shi a wuri guda kowane zagaye, sai a gan shi tamkar a tsaye yake. Wannan dabara ta girme shi, domin tun a 1851 William Henry Fox Talbot ya gwada ɗaukar hoto da tartsatsin lantarki a Ingila. Abin da Edgerton ya yi shi ne mayar da ita kayan aiki mai ƙarfi, wanda ake iya sarrafawa a kuma maimaita.

Kafin lokacin, masu hoto sun dogara ne da hodar da ake cinna wa wuta ko ƙwan fitilar da ke ƙonewa bayan amfani ɗaya. Fitilar Edgerton kuwa tana tara wutar lantarki ne a ma'aji, ta sake ta gaba ɗaya cikin bututun gilashi mai ɗauke da iskar gas irin su zenon. Hasken yakan zo da ƙarfi, ya ɗauke nan take, bututun kuma bai lalace ba.

Muhimmancin wannan yana ga gajartar hasken. Harsashin da ke gudun kimanin mita 850 a daƙiƙa zai ci kusan santimita 85 cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, don haka marufin kyamara mai buɗewa da rufewa a wannan lokaci ba zai kama komai ba sai dishi-dishi. Amma cikin kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa, tafiyar harsashin ba ta kai milimita ɗaya ba. Saboda haka Edgerton yakan duhunta ɗaki, ya bar marufin kyamara a buɗe, ƙarar harbin ta shiga makirufo ta kunna fitilar. Tsawon walƙiyar ne ke tsayar da motsin.

Fitattun ayyuka

Hotonsa na ɗigon madara da ya fantsama ya yi siffar kambi ya shiga baje kolin Gidan Adana Fasahar Zamani na New York a 1937, kuma ya ci gaba da maimaita gwajin har ya samu mai launi a 1957. A 1964 ya ɗauki hoton harsashi yana ratsa tuffa. Ya kuma yi hotunan 'yan wasan golf da tanis ta hanyar walƙiya da yawa a kan fim guda, inda kowane mataki na motsin ke fitowa jere. Gajeren fim ɗin Quicker'n a Wink na 1940, wanda ya nuna aikinsa, ya ci kyautar Oscar.

Yaƙi da binciken teku

A Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙera manyan fitilu da ake ɗora wa jiragen sama domin ɗaukar hoton ƙasa da dare. An yi amfani da su wajen leƙen asiri gab da saukar sojojin ƙawance a Normandy ta Faransa a watan Yunin 1944. A 1947 shi da tsofaffin ɗalibansa Kenneth Germeshausen da Herbert Grier suka kafa kamfanin EG&G, wanda ya ƙera kyamarorin da suka ɗauki hoton gwaje-gwajen makaman nukiliya na Amurka a farkon lokacin fashewa.

Daga shekarun 1950 ya yi aiki da mai binciken teku ɗan Faransa Jacques Cousteau, ya samar masa da kyamarori da fitilun ƙarƙashin ruwa. Ma'aikatan jirgin Cousteau ne suka laƙaba masa suna Papa Flash. Da yake haske ba ya nisa a ruwa mai gurɓata, sai ya koma ga na'urar sona mai amfani da amon sauti. Irin na'urarsa ta taimaka wajen gano jirgin yaƙin USS Monitor a 1973, wanda ya nutse tun 1862.

Karramawa da rasuwa

MIT ta ba shi muƙamin Farfesan Cibiya a 1966, kuma ya karɓi lambar yabo ta ƙasa a fannin kimiyya ta shekarar 1973. Ya rasu a Cambridge ta jihar Massachusetts yana da shekara 86. A 1992 MIT ta buɗe Cibiyar Edgerton, inda ɗalibai ke koyon ɗaukar hoton abubuwa masu tsananin gudu.