Tommy Godwin, mutumin da ya shekara a kan keke

'Yan uwa ɗalibai, yawancinmu mun san keken Raleigh, wanda kakanninmu suka ci kasuwanni da shi. Kaɗan ne suka san Baturen da ya hau irinsa ya kafa tarihin da ya gagari kowa har shekara 76.

An haifi Tommy Godwin a 1912 a Fenton, cikin birnin Stoke-on-Trent na Ingila, a gidan talakawa. Shi ne babba cikin 'ya'ya 12. Yana ɗan shekara 12 ya kama aikin kai wa mutane kayan kanti har gida a kan wani ƙaton keken ƙarfe. Da wannan keken dakon ya shiga tserensa na farko, mai mil 25, yana da shekara 14, kuma ya zo na ɗaya.

A zamanin nan mujallar Cycling tana lura da wata gasa: wa zai fi kowa yin nisa a keke cikin shekara guda? Kambun yana hannun Ossie Nicholson na Ostareliya, wanda ya yi mil 62,657 a 1937. Ranar 1 ga Janairu 1939, da asuba, cikin tsananin hunturu, Godwin ya ɗora ƙafa a feda. Ba a yarda da faɗar baki ba: an liƙe na'urar ƙirga tafiyar da ke jikin keken, kuma kullum sai shaidu sun sa hannu a katinsa.

Kekensa ya kai kilo 14, giya huɗu kacal gare shi. Ga shi ba ya cin nama, ya dogara da burodi, madara, ƙwai da cuku. A watan Satumba Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka hana kunna fitilu da dare saboda jiragen Jamus, sai ya riƙa tafiya da 'yar fitilar da aka dushe haskenta. Duk da haka, ranar 26 ga Oktoba ya shiga Landan ya riga ya wuce Nicholson, alhali saura wata biyu shekara ta ƙare.

Da shekara ta cika, ya yi mil 75,065, wato kilomita 120,805. Mu ɗan yi lissafi, tunda malaman lissafi ma suna karanta wannan allo: kusan kilomita 330 ke nan kowace rana. Ya fi a tashi daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato ta Argungu a dawo, gobe a sake, jibi ma haka. Jimillar ta kai a kewaye duniya sau uku.

Bai sauka ba. Ya zarce har watan Mayu 1940, inda ya cika mil 100,000 cikin kwana 500. Sai da ya yi makonni yana koyon tafiya da ƙafa kafin ya tafi aikin soja.

Abin da ya biyo baya, a ganina, rashin adalci ne. Bayan yaƙi hukumomin tsere suka hana shi shiga gasar 'yan sha'awa, wai ya taɓa karɓar kuɗin kamfani. Sai ya koma horar da matasa a kulob ɗin Stone Wheelers. Ya mutu a 1975 yana da shekara 63, a hanyar dawowa daga yawon keke da abokansa.

Sai a Janairun 2016 Kurt Searvogel na Amurka ya karya tarihin da mil 76,076, a kan kekunan zamani marasa nauyi.